Kwalbar da Surukina Ya Aiko

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ni ne malamin asibiti a wani ƙaramin ɗakin shan magani tsakanin Roni da Kazaure. Mutane na ce mini likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Abin da na iya bai taka kara ya karya ba: allura, wankin gyambo, rabon ƙwayoyi, sai gwajin fitsari, wanda na fi ji da shi don shi ne ya fi kama da ilimi.

Gwajin hawa biyu ne. Akwai wasu siraran takardu, ja da shuɗiya. Ƙoda ce ke tace tsamin da ke cikin jini ta zubar, shi ya sa fitsarin mai lafiya ke da ɗan tsami, in ka tsoma shuɗiyar takarda sai ta koma ja. In tsamin ya ɓace, jar ce ke komawa shuɗiya. Daga nan sai in zuba kaɗan a kwalbar gwaji in tafasa a kan 'yar fitila. In ya gauraye kamar an ɗiga nono a ruwa, ƙoda ta fara yoyo ke nan, sai in rubuta wa mutum takarda ya tafi Kano.

Surukina Bafillace ne, suna zaune wajen Gwiwa, suna noma suna kiwo. Matata ce 'yar farinsa, bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan. Ni ma shekara shida da auren ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na je sai in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, mu gaisa kowa na kallon ƙasa. Ina son tsohon nan ƙwarai, sai dai duk maganar da muka taɓa yi ba ta wuce ta damina da shanu ba.

Da kaka matata ta je gida ta dawo ranta a ɓace. Ta ce ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ba ya shiga, da safe fuskarsa a cike take tashi, ga ciwon ƙugu. Ta ce kullum sai ya jiƙa jar kanwa ya sha, irin wadda suke ba shanu, don a ganinsa tunda tana gyara cikin dabba shi ma za ta gyara nasa.

Na hau babur na je. Na durƙusa na gaishe shi, na ga ƙafafun da idona, amma kalmar fitsari ta ƙi fita daga bakina. Sai na ja ƙanensa, wanda muke kira Baffa, muka koma bayan garke, na ba shi kwalba.

Na ce, "Baffa, bawalin Baba nake so, na farkon safiya. A taimaka a kawo mini."

Ya karɓa ya cusa a aljihu da sauri kamar kayan sata. Ya ce, "To, Malam. Za a san yadda za a yi."

Ran kasuwa ya kawo kwalbar a naɗe cikin tsumma. Na tsoma shuɗiyar takarda, ta koma ja. Na tafasa, ya fito garau, ko gezau.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na san kanwa tana kashe tsamin fitsari. Masu jego nawa na gwada, waɗanda ke shan kunun kanwa safe da yamma, kusan dukansu jar takarda ce ke komawa shuɗiya. To yaya mai shan jiƙon kanwa kullum zai ba ni fitsari mai tsami haka? Na tsaya da takardar a hannu na ɗan jima. Sai na ce wa kaina wataƙila ya daina sha. Gaskiyar magana, sake tambaya na nufin in koma in nuna ban yarda da abin da dattijo ya aiko ba, kuma in sake ambaton abin da da ƙyar na ambata da farko. Na ɗauki biro na rubuta cewa ba a ga komai ba, na haɗa da ƙwayoyin ciwon ƙugu. Matata ta yi ta hamdala, har ta yanka mana zakara.

Da bazara aka kawo shi a bayan akori-kura, numfashi na yi masa wuya. Ban sauke shi ba, muka wuce Kano.

Likitan da ya duba shi ba mai yawan magana ba ne, amma da ya ji ni ma'aikaci ne sai ya yi mini bayani. Ya ce a kan kowace ƙoda akwai wani ɗan nama mai aika mata saƙo ta cikin jini, cewa ta riƙe gishiri kaza, ta zubar da tsami. Ƙodar Baba ta lalace har ba ta jin saƙon sosai, gishirin kanwa kuma ya yi ta tara masa ruwa a jiki yana ƙara masa hawan jini. Ya ce da tun kaka aka zo, ko kanwar kaɗai aka hana shi, mai yiwuwa da an ja lokaci. Na miƙa masa takardar gwajin da na yi da kaka, sai ya juya ta ya ce wannan sakamakon ba na mutumin nan ba ne.

Na sami Baffa a waje, a gindin bishiya.

Na ce, "Baffa, don Allah na wa aka kawo mini?"

Ya ce, "Nawa ne, Malam. Yayana ya ce shi ba zai iya ba. Ya ce mijin yarinyar nan ya ɗaga abinsa a rana yana kallo? Gara ya mutu. Sai muka ga ai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, rijiya ɗaya muke sha, ƙwarya ɗaya muke ci. Abin da ke jikinsa ai yana jikina."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kanwar fa? Kai ma kana sha?"

Ya ce, "A'a, ni ba ta karɓe ni ba."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna takardar nan ta gaya mini haka tun wata biyar da suka wuce. Na rufe bakina na koma ciki.

Washegari da safe aka buƙaci fitsarinsa, ga shi ba ya iya tashi, ma'aikata kuma sun yi ƙaranci. Ni na riƙe masa tasa. Ya juya fuskarsa bango, ya ce a hankali, "Malam, ka ga abin da na guda."

Na ce, "Baba, aikina ne."

Ita ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi wadda ba shanu a ciki. Kwana tara ya yi a gadon nan, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai na zaunar da matata na gaya mata komai, har da tsayuwar da na yi da takarda a hannu. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi mini faɗa, kuma da na fi son haka. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Malam, da ka gaya mini takardar ba ta yi maka daidai ba, ai da na tambayi Inna. Ni ba na jin kunyarta a kan wannan."

Ban taɓa tunanin wannan hanyar ba, ko sau ɗaya. Inna kuwa, mahaifiyarta, ta san komai tun ranar. Ita ce ma ta wanke kwalbar ta miƙa wa Baffa.