Kakar Baba Ba Ta Cin Goro

Duk shekarun da na yi a Guangzhou ina dillancin kaya, ban taɓa zaton zan tsoma ƙafa a harkar wasan kwaikwayo ba. Aikina shi ne in tarbi 'yan kasuwar da suka zo daga Kano, in zaga da su kasuwar Baima da kasuwannin Liwan, in yi musu tafinta da guntun Sinancin da na tsinta a bakin shaguna. In sun gama sayayya, sai in miƙa kayansu ga wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, wanda ke loda kwantena yana turawa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Kowa Baba yake ce masa. Dogo ne, baƙi, gemunsa fari tas, kuma magana ba ta dame shi ba. Mun daɗe muna aiki tare, ban taɓa jin an ce kwalin wani ya ɓace a hannunsa ba.

Wata rana muna Baima ni da shi, sai matar da ke da wani shagon riguna ta tsare mu. Lawban muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk mai shago a can. Ta ƙare wa Baba kallo har na fara jin haushi, sannan ta ce ƙanwarta malama ce, tana koyar da wasan kwaikwayo a wata kwaleji, kuma tana neman dattijo baƙar fata. Na buɗe baki zan ce mata meyo, wato babu, don na gaji da masu neman baƙin mutum ya tsaya a tallan sabulu. Baba ya dafa hannuna ya ce mu ji tukuna.

Mun haɗu da malamar a wani gidan shayi bayan la'asar. 'Yar ƙarama ce mai tabarau, Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta ce ɗalibanta za su farfaɗo da wani tsohon wasa, irin waɗanda aka riƙa yi a Amurka da Ingila a ƙarni na goma sha tara, zamanin da ake ta ja-in-ja kan a hana bauta. Ta nuna mana zane-zanen lokacin a wayarta. Ga kasuwar bayi a kan dandali, an ɗora mace a kan akwati ana tayi. Ga uwa ana ɓamɓare ta daga ɗanta. Ga wani tsoho a durƙushe, mai bulala a kansa. Ta ce mutanen da ba sa karanta takardun masu yaƙi da bauta, ba sa kuma zuwa jin huɗuba, su ne ke cika gidajen wasan, su zauna su yi ta sharɓar kuka. Ta kuma faɗi abin da bai yi mini daɗi ba: Turawa ne ke fitowa a matsayin bayin, suna shafa baƙar toka a fuska, kuma a dandalin da aka yi kuka yau, gobe ana iya yin rawar yi wa baƙar fata ba'a. Ita ba ta son ta shafa wa ɗalibinta komai a fuska, shi ya sa take neman mutum na gaske ya fito a tsohon bawan.

Baba ya daɗe yana kallon zanen matar da ke kan akwati. Can ya ce, "Da suka gama kukan, sun saki mutanen?"

Malamar ta ce ba nan take ba, an sha wuya kafin nan. Amma wanda ya yi wa bawa kuka ranar Asabar, da wuya ya tafa wa mai bulala ranar Litinin.

"Na yarda," in ji Baba.

Ni dai na saki baki. Mutumin da ko a taron suna sai an roƙe shi yake yin addu'a da ƙarfi!

Haka muka fara zuwa gwaji, ni ina rakiya ina tafinta in an cije. Ɗaliban suka ɗauke shi kamar kakansu, wannan ta kawo masa ruwan zafi, wancan ya ja masa kujera. Sai dai tun makon farko Baba ya fara ƙorafi. Tsohon bawan da ke cikin wasan mai haƙuri ne har ya wuce misali. A doke shi, ya yi addu'a. A sayar da shi, ya yi addu'a. A ƙarshe ya mutu yana yafe wa kowa. Baba ya ajiye takardar ya ce wa malamar, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama ɗaki ɗaya da bawa ba."

Na ɗauka za ta ji haushi. Sai ta gyaɗa kai, ta ce marubutan lokacin suna neman bawan da Bature zai iya tausaya wa ba tare da ya ji tsoronsa ba. Da sun nuna mai fushi, da 'yan kallo sun gudu.

A hanyarmu ta komawa, cikin bas, Baba ya gaya mini abin da ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba. Kakarsa ta wajen uba baiwa ce. Tana yarinya aka kama ta a ƙasar Gurunshi, can arewa da Kumasi, aka koro su kasuwar Salaga, fatake suka yi musayarta da goro. Ba da kuɗi ba, da goro. Wanda ya saye ta ya ajiye ta a gidansa, ta haifa masa mahaifin Baba. Ta tsufa a Zango, Baba ya tashi a ɗakinta. Har ta koma ga Allah ba ta sa goro a baki ba. In aka kawo na suna ko na ɗaurin aure, sai ta juya fuska, ta ce a wuce da shi.

"Bai yafe ba," in ji Baba, da Hausarsu ta Zango da ke kiran mace da namiji iri ɗaya. "Yana salla, yana azumi, amma bai yafe ba."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin Baba yana cin goro ba. Duk mun ɗauka haƙori ne ya hana shi. Mu kuma a gidanmu da fataucin goro ake alfahari. Tun ina yaro nake jin yadda kakanninmu ke kora jakuna zuwa Gwanja, ƙasar da Salaga take, ba a dai taɓa gaya mana duk abin da suke kaiwa can ba.

Na tambaye shi ko 'ya'yansa sun sani. Ya ce a'a. A Zango in an zo neman aure sai an bincika asali, kuma yana da jikoki mata. Mahaifinsa ya rufe maganar, shi ma ya rufe. Amma ta tsaya masa a maƙogwaro shekara da shekaru. Abin da yake so shi ne ya faɗe ta sau ɗaya, da ƙarfi, a gaban mutane, a wurin da ba wanda ya san gidansu. Ina ya fi ɗakin da ke cike da Sinawa? Ya ce amana ce ya ba ni, na ce na karɓa.

Malamar ta yarda ta ƙara wani ɗan guntun wuri a wasan, inda tsohon bawan zai ba da labarin yadda aka sayar da mahaifiyarsa. Ita ta ɗauka Baba ya ƙirƙira ne. Da Hausa zai faɗa, fassara na fitowa a allo. Ranar da ya fara gwada wurin, muryarsa ta canja, ta yi kauri. Ɗaliban ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma ɗakin ya yi tsit. A 'yan makonnin nan na ga Baba yana dariya har da ƙyaƙyatawa, abin da ban saba gani ba.

Lawban ce ta ɓallo mana ruwa, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Murna take yi, duk baƙin mutumin da ya shiga shagonta sai ta gaya masa. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya gama gari.

Bayan sallar Juma'a mukan taru a wani gidan abinci da ke saman bene, inda ake tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. A cikinmu akwai wani Alhaji Bafulatani mai sayen kayan waya, mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Alhaji ba ya tsayawa kan Barebari, kowa nasa ne. Baba na shigowa ya ɗaga murya.

"Ga bawana ya iso! Ashe har Sinawa sun gane ka? Baba, nawa suka taya? In da sauƙi ni ma ina so."

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce a duba haƙoransa tukuna. Wani ya ce a sa shi cikin kwantena a rubuta masa lamba. Wallahi babu mai mugun nufi a cikinsu, irin wasan da muka tashi da shi ne, kuma ranar da ba a tsokane ka ba sai ka ɗauka an yi fushi da kai. Ni kaɗai na san inda maganar ke sauka. Zuciyata ta tafasa, na daka wa Alhaji tsawa, aka ce ni kuma mene ne nawa a ciki. Baba ya wanke hannunsa, ya miƙe, ya bar tuwon ko rabi bai ci ba.

Manyan cikinmu suka yi wa Alhaji faɗa, suka ce dattijo ne, a je a ba shi haƙuri. Alhaji kuwa ya ji nauyin abin ƙwarai. A makon ne wani ya sauka daga Kano da ɗanyen goro, fari da ja, an naɗe shi cikin ganye. A Guangzhou goro abin marmari ne, ɗaya ake fasawa a raba wa mutum huɗu. Alhaji ya sayi ƙunshin gaba ɗaya, ya tattaro mutane, suka nufi sito inda Baba ke aiki. Ina can muna lissafa kwalaye sai ga su. Da na hango ganyen a hannunsa, sai da na ji kamar in nutse.

Alhaji ya cire hula ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Bakina ne, ka san halinsa. Ga ɗan goro." Sannan ya ƙara da abin da yake ganin shi ne babbar karramawa. "Kuma mun yanke shawara, ranar wasan duk za mu ajiye kasuwa mu zo. Za mu cika wurin. Za mu ɗauka a waya tun daga farko har ƙarshe, mu tura Kano, mu tura Kumasi, iyalinka su ga yadda Babanmu ya yi fice a ƙasar Sin."

Baba ya sa hannu biyu ya karɓi goron. Ya ce babu komai, Allah ya bar zumunci. Ya raka su har bakin ƙofa. Da ya dawo ya miƙo mini ƙunshin ba tare da ya kalle shi ba, ya ce in kai wa masu ci. Sannan ya ce in kira malamar in gaya mata ya fasa, kuma ta cire wurin da aka ƙara.

Na roƙe shi. Na ce bari in hana su zuwa, ko in ce an hana ɗaukar hoto. Ya ce, "Ɗan Kano, ka taɓa ganin an hana mutanenku ɗaga waya? Kuma in ka ce kar su zo, wane dalili za ka ba su? Suna jin Hausa. Alhaji zai ji goro, zai ji Salaga, zai tuna bai taɓa ganin na ci ba. Ba wawa ba ne." Gaskiya ya faɗa.

Malamar ta yi baƙin ciki, ta yi ta tambaya ko wani abu suka yi masa. Na ce jikinsa ne ba daɗi. An yi wasan wata Asabar da rana. Da aka ji Baba ba ya ciki, babu wanda ya zo a cikin mutanenmu sai ni. Wani ɗalibi siriri ne ya fito a tsohon bawan, an manna masa farin gemu, an ɗaure masa hannu da igiya. Ya yi ƙoƙari. Da aka zo wurin raba uwa da ɗa, matan da ke kusa da ni suka yi ta share hawaye, na kuma gane abin da malamar ke nufi, lallai wasa na iya juya zuciya. Ni ma na yi hawaye, amma nawa na takaici ne. Na san daidai inda Baba zai taka gaba ya fara magana, na ga an wuce wurin kamar ba a taɓa yin sa ba.

Washegari a sito, yana ɗaure kwali, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"Tsohon ya yafe musu?"

"Ya yafe, Baba."

"To," ya ce. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake ba.

Bayan 'yan shekaru ƙarfinsa ya ragu, ya tattara ya koma Kumasi. Can Allah ya yi masa rasuwa. Na kira babban ɗansa na yi masa ta'aziyya. Mutum ne mai ladabi, ya ce Baba yakan ambace ni. Muka taɓa hira, har ya ce yana fatan wata rana ya zo Najeriya ya ga tushensu, domin an gaya musu kakar mahaifinsu 'yar gidan malamai ce daga Katsina, aure ya kai ta Zango. Ya tambaye ni ko Baba ya taɓa faɗa mini sunan unguwarsu.

Na tuna amanar da na karɓa. Na ce bai faɗa mini ba. Na ce Allah ya ji ƙanta, ya ji ƙansa. Ya ce amin.