Gashin da Aka Yi wa Haladu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka sauke Haladu a ƙofar gidansa a unguwar Mahjar ba, yana dafa bango yana ce mini ba komai. Ku sababbin shiga ku saurara, don ba a koyar da wannan a ajin nutso.

A lokacin ni ne jagoran masu nutso a wani kamfani da ke kai baƙi teku kallon jirgin dakon kaya da ya nutse tun ba a haife ni ba. Siminti ya ɗauko, ya daki dutse ya kife. Buhunan suna nan a cikinsa sun daskare, kifaye sun mai da shi gari. Baƙo zai goya tukunyar iska, ya sauka ya yi hoto, ya hau yana murna.

Tsarin aikin kuwa haka yake: mudir ne mai kwalekwale kuma mai magana, sai jagora, sai mai igiya a can ƙasa. Mai igiya shi ke fara sauka ya ɗaure kwalekwalenmu a jikin mataccen jirgin, shi ke komawa ƙarshe ya kwance. Baƙi biyu-biyu suke sauka, doka ce. Mai igiya shi kaɗai.

Haladu ne mai igiyarmu, ɗan masunta ne daga Yawuri, ya girme ni nesa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, ta direban gida ce, a hannun wani kafili dabam, ubangidan da ya tsaya masa. Wato a idon hukuma ba shi da abin yi a teku.

Ran wata Asabar cikin zafi, an gama nutso na biyu, sai wani baƙo ya ce kyamararsa ta suɓuce ta faɗa rumbun jirgin, can inda ya fi zurfi. Mudir ya dubi Haladu.

Na ce, "Ya mudir, sau biyu ya sauka yau, jikinsa bai huta ba."

Ya ce, "Yalla, ai dama zai je kwance igiya."

Ga abin da ke kashe mutane a sana'ar nan. Iskar da ka shaƙa a zurfi tana narkewa a jininka. In ka hau a hankali, ka tsaya a hanya, za ta fita. In ka hau da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Haladu ya sani sarai. Amma da ya kwance igiya, iska ta fara jan kwalekwale wajen dutse, mudir yana ta buga ƙarfe a tsani, alamar a hau yanzu. Ya hau da kyamara a hannu, bai tsaya ba.

Kafin mu kai gaɓa ya fara riƙe kafaɗa, ya ce tafin ƙafarsa na yi masa kamar kiyashi na yawo. Na sa masa iskar ceto, na ce asibiti za mu, inda ke da ɗakin da ake rufe mutum a matse shi da iska har kumfar ta narke.

Mudir ya ja shi gefe, ina ji. "In likita ya tambaye ka me direban gida yake yi a ƙasan teku, me za ka ce? Ni tara zan biya, kai kuwa jirgi za a sa ka a mai da kai gida. Ka je ka kwanta, halas, magana ta ƙare."

Na roƙi Haladu har muryata ta dushe. Ya ce, "Ƙanena, 'ya'yana huɗu. Bari in ga gobe." Aka ajiye shi a gida, aka wuce da ni unguwar Aziziyya wanke kayan nutso.

Ina idar da magariba na koma Mahjar. Tun daga matakala na ji warin man zafi. Na tarar da shi kwance rub da ciki, tukunya na tururi a gefe, matarsa Tabawa tana tsoma tawul tana danna masa a baya da cinya. Maƙwabta sun taru suna ba da shawara.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Usman. Sanyi ne ya shige shi, mutum kullum cikin ruwa. Tun la'asar nake gasa shi."

A wurinmu duk ciwon gaɓa sanyi ne, maganinsa gashi da tausa. Amma wannan ciwon zafi ke hura shi, tausa kuma ta ƙara watsa kumfar. Baiwar Allah hannuwanta sun yi jawur don ƙauna, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Na ce ya tashi. Ya yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Sai a lokacin aka bar maganar iƙama, muka ɗauke shi a bargo. Likitoci sun karɓe shi, sun yi ta sa shi a ɗakin nan kwana da kwanaki. Hannu ya dawo, ƙafa ba ta dawo ba. Mudir ya zo dubiya sau ɗaya da kwalin dabino, ya ce ƙaddara ce. Kafin sati ya zagayo ya samo sabon mai igiya daga unguwar Waziriyya. Ni kuwa na ajiye wa mudir aikinsa.

Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan ran baƙo ake tsaro, naka kai za ka tsare shi. Kowa ya buga ƙarfe, ka yi tsayuwarka a ruwa. Kuma yau ɗin nan ku je ku gaya wa matanku da iyayenku, in kun dawo daga teku da ciwon gaɓa, kada a ɗora ruwa a wuta.

Ranar da Haladu da iyalinsa za su koma gida na raka su filin jirgi, ina tura kekensa na guragu. Tabawa ta tsaya a bayana, ta rage murya don kada ya ji.

"Usman, don Allah ka gaya mini gaskiya. Da hannuna na ƙarasa shi?"

Na rantse mata ba ita ba ce, na faɗa mata sunan wanda ya yi. Ba ta yarda ba. Har yau in na buga waya gaishe su, sai ta karɓa ta sake tambayata. Mudir kuwa bai taɓa tambayar kowa ba.