Matakala Talatin da Biyu na Yaya Sani

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Sani a Maryland, a nan Amurka. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini ko kalma ɗaya.

Yaya bai taɓa aure ba. Shekara ashirin da shida suna ɗaki ɗaya da Ilu, wani tela mutumin Maraɗi, a hawa na uku a Germantown. Kowa ya san abin da ke tsakaninsu, kowa ya yi gum, domin miyar taushen Yaya ce ake ci a kowane suna da walima. Ba na wanke shi, hisabi na Allah ne. Da ku nake magana, mutanenmu na nan.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, benen ya zame masa kurkuku. Ba lif, matakala talatin da biyu, na ƙirga su da gwiwoyina. Aka samo masa gidan tsofaffi, ya ƙi. Ya ce, "Asabe, masu jinyar can rabinsu namu ne. Wadda za ta yi mini wanka da safe ita za ta kai labarina masallaci da azahar. Na gaji da ɓuya."

Sai manyan gari suka yi taro. Wani Alhaji a Woodbridge ya ba da ɗakin ƙasa, da sharaɗi kada Ilu ya taka ƙofar. Ni aka aika da saƙon, kuma na kai, wannan kunyar tawa ce. Yaya ya dube ni ya ce, "Wa zai juya ni in na gaji da kwanciya? Alhajin?"

Shekara biyu Ilu yana goya shi, sauka da hawa, duk ranar asibiti. Ku da kuka sha miyarsa, ko ɗayanku bai kama masa ƙafa ba. Ranar jana'iza kuwa sahu uku, har da masu share hawaye.

Yau ga ku nan, furfura ta cika kai, 'ya'yanku na amsa muku da Turanci suna nema muku gado a gidan da Yaya ya ƙi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba ku shafa ba. Da yana raye da miya zai aiko muku, ya fi ni haƙuri.

Ilu yana wancan gidan tsofaffin yanzu, ya kife hoton Yaya a ƙarƙashin sallaya saboda idon masu jinya. Duk Juma'a nakan kai masa tuwo, in ciro hoton in jingina a taga. Mai magana ya zo ya same ni. Allah ya jiƙan Yaya Sani.