Ranar da Inna Tsiyala Ta Cire Baƙin Ɗankwali

Kafin masu burodi su hura tanda a garinmu Tiyaneti, Inna Tsiyala ta riga ta buɗe ƙofar bayan gidan rawa. Sai ta kunna murhu, ta ɗora shayi, ta tattara rigunan da samari suka watsar jiya kamar an koro su. Wadda hammatarta ta yage ta ɗinke. Coha, doguwar rigar gargajiya ta mazanmu, in aljihun harsashinta ya ɓalle a ƙirji ta mayar da shi. Takalman fata masu laushi da maza ke tsayawa da su a kan yatsun ƙafa, ita ke shafa musu kitse. Haka muka tashi muka same ta, allura a baki, baƙin ɗankwali a ka. A watan nan za ta ajiye aiki, ido ya gaji. Ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba, to yau za a kira.

Mace ce mai baki. Saurayi ya zo yana ɗingishi ya ce, "Inna, takalmin nan ya matse ni," sai ta ce, "Ba takalmi ne ya cinye kinkali mai nama faranti biyu ba, ɗan nan. Tumbinka ne ya fi ƙarfin ƙafarka."

A shekarun da babu lantarki babu albashi, malamin rawa ya tafi ci-rani, asu ya cinye riguna. Ita ce ta sauke labulen ɗakinta ta yanka wa 'yan mata rigunan rawa. Duk wanda ya ga bikin kaka na shekarar ya ga furannin tagar Tsiyala suna juyi a fage.

Baƙin ɗankwalin kuwa, tun ranar da aka binne mijinta Imeda ba ta cire shi a gaban mutane ba. Ko a bikin 'yarta.

Bara aka gayyaci ƙungiyarmu gasar ƙasa a Tbilisi, babban birni. Abin da muke taƙama da shi rawar takobi ce: maza biyu su kara da takobi da garkuwa har ƙarfe ya yi tartsatsi, sannan budurwa ta jefa ɗankwalinta a tsakani, faɗa ya mutu. Dokar kakanninmu na kan dutse ke nan: kallabin mace ya faɗi tsakanin maza, ko gabar jini ce an sauke hannu.

Goca da Beso ne gwanayenmu, kuma maƙwabta ne. Ana saura kwanaki a tafi, Beso ya sare reshen tuffar da ya leƙo gidansa, tuffar da marigayi uban Goca ya dasa. Ni na tuƙa motar, har muka isa ba wanda ya kalli ɗan'uwansa.

Da ganga ta ɗauka, mu da muka san rawar muka ga an saki hanya. Makaɗi ya ji Goca yana cewa, "Yau zan sare maka naka reshen, ɓarawon inuwa."

"Zo ka sara, ɗan gadon itace!" in ji Beso.

Takubban dakusassu ne, amma ƙarfe ƙarfe ne. Jini ya tsarto a kuncin Beso. Nutsa, budurwar da ke jefa kallabi, ta fito da sauri ta jefa farin nata. Suka tattake shi. A wurinsu kayan wasa ne, sun sha ganin Inna na goge shi. Ganga ta tsaya. Da an ƙara sara ɗaya, ido zai fita, a kore mu daga gasa, gidaje biyu su gaji gaba har jikoki.

Sai ga Inna Tsiyala ta fito daga bayan labule da silifas, zare na lilo a wuyanta. Ba ta yi gudu ba. Ta kai hannu ta warware baƙin ɗankwalin, farin gashin da ba wanda ya taɓa gani ya zubo, ta jefa shi tsakanin ƙafafunsu.

"To, ga na Imeda," in ji ta. "Ku taka wannan ma in kun haifu."

Takobin Goca na sama, a can ya sandare. Shi da Beso sun ɗauki makarar Imeda da kafaɗunsu. Ya saki ƙarfen ya faɗi. Beso ya durƙusa ya ɗauki ɗankwalin da hannu biyu ya miƙa mata. Ta karɓa, ta goge masa jinin kunci da shi, ta juya ga makaɗi.

"Kai kuma me kake kallo? Buga! Ku ƙarasa rawarku, jakai, mutane sun bar aikinsu sun zo."

Suka ƙarasa. Ban taɓa ganin sun yi rawa irin ta ranar ba, gwiwa na dukan katako, ƙafa ba ta taɓa ƙasa sai da yatsu. Zauren ya miƙe tsaye. Da kofi muka dawo gida, Goca da Beso na kujera ɗaya, ita kuma tana baya tana mitar hannun rigar da suka yaga mata.

Inna Tsiyala, ke ce allurar da ta riƙe garin nan. Mu mun ɗauka gadonmu tsalle ne da walƙiyar takobi. Ke kika tuna mana cewa rawar ba don faɗan aka yi ta ba, don tsayar da shi aka yi ta. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya ba ki hutun da ba ki taɓa nema ba.

'Yan mata, kujerarta na nan kusa da murhu, allura ba ta cizo. Ku kuma maza, ku je gidan Goca ku ga tuffar. Ta sake miƙa reshe gidan Beso, kuma bana Beso da kansa ya kai wa Inna kwandon farko.