Shamuwar da Na Gani a Gonar Tarauni

Shekarar da na kama aikin akawu a kamfanin gyaɗa, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Na ga lokaci ya yi da zan karɓi gonar mahaifina da ke Tarauni, wadda Baffa, ƙanensa, yake nomawa tun rasuwarsa. Ni kuwa a birni na tashi hannun goggona, fartanya sai dai in gan ta a kafaɗar wani.

Baffa bai musa ba. Ya ce in same shi Gyaɗi-Gyaɗi da safe mu taka tare, ya nuna mini iyaka, shi ma ya ga hannun da zai damƙa wa ƙasar yayansa.

Hunturu ne, sanyi yana cizon kunne. Na iso da kwat da takalmi sau-ciki da ɗan littafi, don na sha ganin Baturen kamfaninmu yana yawo a gonaki yana rubuta sunayen tsuntsaye, ni a wautata na ɗauka wayewar ke nan. A wancan zamanin da ka wuce gidajen Gyaɗi-Gyaɗi sai gonaki. An gama yankan dawa, an jingine kara. Shanun Fulani suna kiwo suna zuba taki kyauta, belbela tana biye da su, tsofaffin mata suna kalar gyaɗa. Baffa yana nuna mini inda ruwa ke kwanciya da inda ciyawar wuta-wuta ta addabe su, ni ina rubuta "kurciya biyu".

Da muka isa ɗorawar da ke bakin gonar, na hango tsuntsu can ƙoli, baƙi mai farin ƙirji. Na gyara murya yadda matan nan za su ji.

"Baffa, ga shamuwa. A fito da iri, ruwa ya kusa."

Ko ɗan goye a Tarauni ya san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta kawo jiki. Baffa ya dubi sama, ya dube ni. Tsuntsun ya wangale baki ya saki kukan da ba ya ɓuya. Hankaka ne. Wata tsohuwa ta yi dariya har gyaɗarta ta zube.

Baffa bai yi dariya ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya nuna mini wata tsohuwar sheƙa a reshe.

"Waccan ce ta shamuwar. Duk shekara ubanka ne yake fara ganin saukarta, ya zagaya gari yana faɗa, shi ya sa ya hana a taɓa reshen nan. Rubuta wannan, Malam."

Ƙanena da ya tashi a ƙauye aka ba gonar, shi da bai san ko bihim a boko ba. Na yi shekara ina fushi da Baffa, alhali na san ya yi daidai.

Littafin yana nan a akwatina. Kurciya biyu, shamuwa ɗaya da aka soke da fensir. Maganar mahaifina ce kaɗai na kasa rubutawa, ita ce kuma kaɗai ban manta ba.