Waƙoƙin Tsohon Saint-Denis da Kishin Saurayina

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da zuwa Lyon daga Damagaram ba. Karatuna ya tsaya a sakandare, kitso nake yi a wani shago a unguwar Guillotière, ina zaune a ɗakin yayata da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Bincikenta na kammala digiri a kan tsofaffin waƙoƙin mutanen Scotland ne, waɗanda ake gada baki da baki. Ta samo wani dattijo ɗan can, mazaunin Saint-Denis a gefen Paris, da ya haddace su wurin kakarsa. Sai dai ya ƙi a ɗauki muryarsa, wai haka bai koya ba, mai so ya zauna ya rera tare da shi. Yaya ba ta riƙe karin waƙa, ni kuwa ko ban san ma'ana ba sau biyu ya ishe ni. Shi ya sa take tafiya da ni Paris.

Ina da saurayi ɗan garinmu, shi ma a Lyon yake, manya har sun shiga maganarmu. Kishi gare shi, ni kuma a lokacin daɗi nake ji, gani nake so ne. Da ya ji ina rera waƙar Turawa ya tambayi inda na samo, sai na tsokane shi, na ce wani ne a Paris yake rera mini, kuma ya fi shi murya. Dariya nake, shi bai yi ba. Kullum sai ya ƙwace wayata ya bincika, ya ce yaya ce ke yi mini kawalci da sunan boko.

Wata rana da muka tafi Paris, ashe ya biyo jirginmu. Dattijon ya rako mu bakin metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya dafa kafaɗata saboda ciwon ƙafarsa, sai ga saurayin nawa ya fizge ni ya hankaɗe tsohon. Ƙarar da kansa ya yi a matakala, wallahi har yau ina jinta. Bai mutu ba, amma bakinsa ya karkace, magana ma da ƙyar. Yaya ta kammala binciken da ɗan abin da ke kaina na waƙoƙin, tana rubutu tana kuka. Na fasa auren, amma har yanzu in na fita sai na yi ta waige.

Ƴan uwana mata, namijin da ke binciken wayarki ba sonki ne ya yi masa yawa ba, kuma kada ki yi wasa da kishinsa don ki ji ana ji da ke. Ni na yi tsokanar, bawan Allah da bai san komai ba ya kwanta asibiti.