Baba Mai Gwangwani, Shaidar Layin Masu Sana'a

Kafin mai walda na farko ya tayar da janareta, Baba Mai Gwangwani ya riga ya share ƙofar rumfarsa, ya fito da benci, ya jera gwangwanayen madara a kan katako. Sun fi ɗari. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana goge murfinsu da gefen riga, sannan ya zauna ya jira rigima. Kuma wallahi ba ya daɗewa yana jira. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zama a layinmu na masu sana'a, tsakanin shagon tela da na mai fenti.

Da can kafinta ne. Wani mutum ya sa shi kujeru saiti uku, ya zuba duk jarinsa ya yi. Da aka kai, mutumin ya ƙwanƙwasa hannun kujera ya ce, "Ba wannan katakon na ce ba." Ba shaida, ba takarda. Kujerun suka zauna a falon mutumin, Baba ya dawo gida da guduma. Tun ranar ya ƙirƙiro dabararsa. In an ƙulla ciniki, mai sana'a ya kawo mai aiki gabansa, a yanko samfurin abin da aka amince da shi, ƙyallen yadi ne, ko guntun katako, ko fenti a shafe a kwali, a raba biyu. Rabi mai aiki ya tafi da shi, rabi ya shiga gwangwani tare da 'yar takardar farashi da sa hannun kowa. Ko sisi ba ya karɓa.

Wanda bai taɓa cin abinci da hannunsa ba ba zai gane amfanin wannan ba. Mu mun sani. Ka gama aiki, gumi bai bushe ba, a ce maka, "Zan turo maka ta waya." Ka kira, an shiga taro. Ka je gida, maigadi ya ce an yi tafiya, alhali ga motar nan kana kallo. In ka matsa, sai aikin da aka yaba jiya ya zama karkatacce yau. Ka kai ƙara? Kuɗin zirga-zirga ya cinye abin da kake bi, ranar aiki kuma ta tafi a banza. Haka ake cin mu ɗanye, mu share baki mu ce Allah ya isa.

Ku tambayi tela, za ta ba ku labari. Wata mata ta dawo mata da labule tara ta ce ba kalar ba ce. Baba ya buɗe gwangwani, ya ɗora ƙyallen a kan labulen. Matar ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta zuge jaka. "Ranar," in ji tela, "da wannan kuɗin na biya wa 'yata jarrabawa." Mai fenti ma yana da nasa labarin, sai dai shi an kayar da shi ne, don ya tsinka fentin da ruwa fiye da kima. Har yau in ya wuce yakan ce, "Baba, kai ba ka da na gida." Baba ya ce, "Gwangwani ne ba shi da na gida."

Dariya muke yi wa wannan magana, ba mu san inda za ta kai mu ba.

Baba yana da ɗa namiji guda ɗaya tak, mai walda ne a ƙarshen layi, da matarsa da 'ya'ya uku, duk gida ɗaya suke da tsohon. Bara wani attajiri da muke kira Mai Benaye ya ba shi aikin ƙofofin ƙarfe goma sha biyu. Kowa ya san Mai Benaye. Ya cinye magina, ya cinye masu tayil, ba ya rasa aibin da zai laƙa wa aiki ranar biya. Aka gargaɗi ɗan, ya ce, "Ina da uba mai gwangwani, me zan ji tsoro?" Aka yanko guntun ƙarfe, aka raba, aka ba shi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Sauran ƙarfen ya ɗauko bashi a wurin dila.

Aka kafa ƙofofi. Ranar biya Mai Benaye ya leƙa ta gilashin mota ya ce ƙarfen bai kai kaurin da aka yi magana ba. Ko taɓawa bai yi ba! Waƙarsa ce ta kullum. Layi ya ɗauka, muka rufe shaguna muka raka Baba gidan, muna murna yau dai ƙarya ta ƙare.

Idon Baba ya riga ya fara dushewa, da hannu yake gani. Ya fito da guntun ƙarfen ya murza a yatsu. Ya laluba gefen ƙofar farko. Ya koma ta biyu. Ya tsaya a ta uku ya daɗe, har tela ta ce, "Baba, lafiya?" Ya sani sarai in ya ce daidai ne, ba mai musa masa. Mai Benaye kansa bai san bambanci ba, nasa rabin ma ya daɗe da yarwa. Kalma ɗaya, ɗansa ya karɓi kuɗinsa, jikoki su ci abinci.

Ya juyo ya kira ɗan. "Wane ƙarfe ka sa?"

"Baba, mu je gida mu yi magana."

"A nan aka ƙulla, a nan za a warware. Wane ƙarfe ka sa?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. "Kafin in gama huɗu kuɗin ƙarfe ya ninka. In na sayi mai kaurin, ko kuɗin wuta ba zan fitar ba. Baba, ba za ta karye ba, na rantse."

"Na san ba za ta karye ba," in ji Baba. "Amma ba ita ce a gwangwani ba." Ya fuskanci inda yake jin ƙarar mota ya ce, "Huɗu daidai suke, ka biya su cif. Takwas ba su kai ba."

Mai Benaye ya washe baki kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya yaba wa Baba a gaban jama'a, wai irinsu sun ƙare a duniya. Na huɗun ya ce abin da ya bayar tun farko ya wadatar, na takwas ɗin bai ba da ko ƙwandala ba, kuma bai cire ƙofa ɗaya ba. Suna nan a gidansa, ana buɗewa ana rufewa. Maƙaryacin da bai taɓa faɗin gaskiya da niyya ba, ranar ya yi tuntuɓe da ita, aka kuma biya shi lada. Wannan abu har gobe yana ci mana rai.

Dila ya zo ya ɗauke injin walda da janareta. Bayan sati uku ɗan ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Da zai fita, matarsa ce ta durƙusa ta yi wa Baba sallama tana kuka. Shi kuwa daga bakin ƙofa ya ce, "An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai ka yanke naka. Ka zauna da gwangwanayenka su yi maka jika." Wata goma sha ɗaya ke nan. Baba ya sa an kira masa lambar ba adadi, tana shiga, ba a ɗauka.

Mu fa, me muka yi? Kunya ta ishe mu faɗa. Masu sana'ar da ya tsare wa haƙƙi shekara talatin da ɗaya suka fara kewaye rumfarsa. Wai wanda bai rufa wa ɗansa asiri ba, wa zai rufa wa? Ashe ba shaida muke so ba, ɗan'uwa muke so wanda zai tsaya mana ko muna da gaskiya ko babu. Ciniki ya koma na baki da baki, masu cin gumin mutane suka samu sake. A watan jiya kaɗai an cinye mutum huɗu a layin nan.

Ƙarshen makon nan Baba zai rufe rumfa, idon ya tafi gaba ɗaya. An yi cigiyar wanda zai gaje shi, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa.

Baba, kai ne ka sa mai kuɗi ya ji nauyin talaka a layin nan. Kai ne mai raba gardama ba da tsawa ba. Da ka ci gaba da neman kuɗinka a aikin kafinta, da ka fi haka hutawa, amma ka zaɓi zaman benci don kada a yi wa wani abin da aka yi maka. Mun ci amfaninka, da abin ya zo kanka muka bar ka kai kaɗai. Mun gode, kuma ka yafe mana. Ku kuma 'yan'uwa masu sana'a, a kowane layi kuke, ku samu mutum ɗaya da zai tsaya tsakani, kada ku ɗaga guduma sai da shaida. In kun same shi, ku riƙe shi har ranar da hukuncinsa zai faɗo a kanku.

Da aka gaya wa Baba za a rubuta wannan, bai yi murna ba. Sai ya tambaya ko rubutun zai iya kaiwa wasu garuruwa. Aka ce zai iya. Ya laluba ya kama hannun mai rubutun ya riƙe gam.

"To kada ka rubuta cewa ɗana macuci ne. Ƙarfe ne ya yi tsada. Ka ce ɗakinsu yana nan, ban ba kowa haya ba."

An rubuta, Baba. Ɗan Baba, in wannan ya iso inda kake, ka ɗauki waya.